Na Je Ile-Ife Neman Saiwar Maganin Sikila

A watan Janairu na bara, sa'ad da hunturu ya tsananta, ɗan ƙanwata ya kwana tara a asibiti. Shekararsa takwas, yana aji uku a makarantar da nake koyarwa, yana kuwa da ciwon amosanin jini, wanda yawancin mutane ke kira sikila. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da gadon mai wannan ciwo ya san abin da nake nufi. Yaro yana kuka da ƙashi, ba rauni, ba ƙurji da za ka nuna. In ka taɓa shi ya ƙara ihu, in ka matsa ya kira ka. Bayan an sallame su, uwarsa ta zo gidana da wata magana da ta jiyo a ɗakin jinya. Ta ce, "Yaya, an ce akwai wata saiwa a ƙasar Yarabawa, orin ata sunanta, har masanan Jami'ar Ife sun tabbatar tana warkar da sikila. Ga kuɗin adashina, ka taimake ni ka je ka samo."

Ban karɓi kuɗin ba, amma na karɓi saƙon. Ina da aboki a Ile-Ife, Bayarabe ne haifaffen Sabon Garin Zariya, tare muka yi firamare. Ilmin haɗa magunguna ya karanta, yanzu yana da kantin magani a can. Na buga masa waya, ya ce, "Malam, zo ka gani da idonka, gani ya kori ji." Da aka ba da hutun Ista sai na kama hanya.

Mun tashi daga Kaduna da asuba. Muka wuce Abuja da hantsi, muka haye Kwara ta gadar Murtala kusa da Koton Ƙarfe, muka ci abincin rana a Lokoja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Daga nan mota ta shiga hawan duwatsun Okene, ta gangara Owo, ta bi ta Akure da Ilesha. Mai tafiya wannan hanya yana ganin yadda ƙasa take sauya riga. Na baro gida ƙasa a bushe, kuka da kaɗanya da ɗorawa tsaye a sarari, ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Kafin la'asar sai ga kwakwar manja da ayaba da gonakin koko da goro, masara har ta tsiro, iska kuwa ta yi nauyi da laima. Sai bayan magariba muka shiga Ife.

Ile-Ife gari ne mai daraja ƙwarai a wurin Yarabawa, gama sun ɗauke shi tushensu duka. Sarkin garin ana ce da shi Ooni. Da safe abokina ya zaga da ni. Na ga fada, na ga gidan kayan tarihi da ke kusa da ita. A 1938 ne masu haƙa harsashin wani gida kusa da fadar suka tono kawunan mutane na tagulla, waɗanda kyan ƙirarsu ya ba duniya mamaki. Na kuma ga sandar Oranmiyan, wani dogon dutse ne siriri da ya fi mita 5, an kakkafa masa ƙusoshin ƙarfe. Muka bi ta unguwar Sabo, inda Hausawa suka daɗe da zama, na gaisa da mahauta da masu goro kamar ina gida. Amma ba kallo ya kawo ni ba, saboda haka na roƙe shi mu tafi kasuwa.

Layin masu magani yana can ƙarshen kasuwar, mata ne kusan duka. Saiwoyi a ɗaure dami-dami, ɓawon itatuwa a cikin kwanduna, busassun ganyaye a rataye. Abokina ya kai ni wurin wata dattijuwa, ya rusuna ya gaishe ta, ni ma na ce, "Sannu, Mama," ya fassara. Da ya ambaci orin ata ko tashi ba ta yi ba, ta miƙa hannu ta zaro wani ɗan ƙulli. Saiwoyi ne masu kaurin yatsa, an yanka su tsawon taƙi, launinsu rawaya-rawaya. Abokina ya ce orin shi ne asuwaki, ata kuwa sunan itacen. Watau tun asali abin goge baki ne.

Mama ta ɓalle guda ta ba ni in tauna. Da fari ɗaci na ji da ɗan yaji. Jim kaɗan harshena ya fara tsirawa kamar ana soka masa ƙananan allurai, yawu ya cika mini baki, leɓena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na gane dalilin da masu ciwon haƙori ke nemanta. Amma ƙanshin ne ya tsayar da ni, gama na san shi. Na sake sansanawa, sai na tuna da kakata tana daka yajin jego. Fasa-ƙwari ne! Itacen nan da ake sayar da ɓawonsa a wurin masu kayan yaji a kasuwanninmu, shi ne na yi tafiyar yini guda ina nema da sunan baƙo. Abokina ya yi ta dariya har Mama ta tambayi abin da ya faru, da ta ji ita ma ta dara.

Na ce ya tambaye ta ko saiwar tana maganin sikila. Yarabawa suna kiran ciwon aromolegun, watau abin da ke sa yaro ciwon ƙashi. Ta ce iyaye suna saye, sukan jiƙa ko su dafa su ba yara, waɗansu sukan dawo su ce an sami sauƙi. Na ce, "Mama, yana rabuwa da yaron ɗungum?" Ta dube ni, ta girgiza kai. Ta ce ta tsufa a wannan rumfa, ba ta ga wanda ta fitar wa ciwon daga jini ba. Na yaba gaskiyar wannan mata, domin da ta ce mini i, da na saya da tsada ban yi ciniki ba.

Da yamma muka hau babur zuwa gonar wani ɗan'uwan abokina a bayan gari, domin in ga itacen a tsaye. Ba babba ba ne, bai fi dogon lemo ba, ashe ma danginsu ɗaya da lemo. In ka murje ganyensa ƙanshin lemon tsami kake ji. Ƙaya gare shi ko'ina, a rassa, a jikin kututture, har a ƙarƙashin ganye. 'Ya'yansa ƙanana ne kamar masoro, in sun nuna sukan tsage, baƙin iri mai sheƙi ya fito. Masana tsirrai suna kiransa Zanthoxylum zanthoxyloides, dā kuwa Fagara suke ce masa, shi ya sa har yanzu likitoci ke cewa fagara. Yana fitowa a Afirka ta Yamma tun daga Sanagal har Kamaru. Mai gonar ya nuna mini wani rami a gefe, inda aka tone wani itacen da dare. Ya ce wanda ya tsinki ganye ya bar wa gobe, wanda ya tone saiwa ya kashe uwa. Saboda yawan tono, in ji shi, yanzu sai an yi nisa cikin daji kafin a sami babba.

Kashegari muka shiga jami'ar. An buɗe ta a 1962 da sunan Jami'ar Ife, a 1987 aka sāke mata suna zuwa Jami'ar Obafemi Awolowo. Daga ƙofa zuwa cikin makarantar tafiya ce mai nisa, hanya miƙaƙƙiya tsakanin itatuwa, ga tsaunuka kore shar a bayan gine-ginen. A gindin wata inuwa kusa da tsangayar haɗa magunguna abokina ya ba ni labarin yadda sunan saiwar nan ya shiga littattafan likitoci. Amma kafin in maimaita shi, bari in yi wa mai karatu bayanin ciwon kansa, yadda nakan yi wa 'yan aji shida.

A cikin jininmu akwai jajayen ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Aikinsu ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu zuwa ko'ina cikin jiki. Ƙwayar mai lafiya kewayayyiya ce kamar ƙaramin faifai, tana da taushi, tana lanƙwasa ta wuce ta cikin siraran hanyoyin jini, takan kuma yi kwana wajen 120 kafin ta mutu. A jikin mai sikila, sa'ad da iskar ta ragu, ƙwayar takan lanƙwashe ta ƙage kamar lauje. Irin waɗannan sukan sarƙe su toshe hanya, wurin da jini bai kai ba kuwa sai ya ɗau ciwo. Ba sa kuma wuce kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum yaron yana cikin ƙarancin jini, idonsa yana yin rawaya. Sanyi da zazzaɓi da ƙishirwa da gajiya su ne ke tsokano ciwon. Wani likita a Cikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta siffar ƙwayoyin nan a 1910.

To, a wajen 1971 waɗansu masanan wannan jami'a suna gwada asuwakan da mutanenmu ke amfani da su, domin su ga ko suna kashe ƙwayoyin cutar baki. Sukan yi gwajin a kan ƙananan faranti masu ɗauke da jini. Sai suka lura inda aka ɗiga ruwan saiwar fasa-ƙwari jinin bai sāke launi ba, ya zauna ja. Wannan ya sa Abayomi Sofowora, masanin magungunan tsirrai, da wani likitan jini mai suna Isaacs-Sodeye suka gwada ruwan saiwar a kan jinin masu sikila a ɗakin gwaji. Suka ga ƙwayoyi da yawa da suka lanƙwashe sun komo siffarsu. Sun buga wannan a 1971, a 1975 kuma aka buga labarin gwajin farko a kan 'yan marasa lafiya kaɗan. Daga baya aka ware waɗansu sinadarai daga saiwar waɗanda ake ganin su ke yin aikin. Sofowora ya zama farfesa sananne, a 1982 ya fitar da littafi a kan itatuwan magani da maganin gargajiya a Afirka. Labarin bai tsaya a Nijeriya ba. A Wagadugu ta Burkina Faso masana sun haɗa wani magani mai suna FACA daga fasa-ƙwari da tumfafiya, sun auna shi, sun zuba cikin ƙwanso.

Da na ji haka zuciyata ta yi fari. Na ce, "Ashe maganar ƙanwata gaskiya ce." Abokina ya ce, "Rabinta gaskiya ce, Malam, ragowar rabin kuwa ita ke kashe yara." Ya ce abin da ya faru a kwalbar gwaji daban, abin da ke faruwa cikin jikin yaro daban. A kwalba ruwan saiwar yana taɓa jinin kai tsaye. A jiki sai ya bi ta ciki da hanta, ba kuwa duka ke isa jini ba. Har yau ba a yi babban gwaji a kan ɗaruruwan marasa lafiya wanda ya tabbatar da yawan da za a sha da tsawon lokacin da za a sha ba tare da lahani ba. Saiwar kasuwa kuma ba ta da ma'auni. Ta wannan itace ta fi ta wancan ƙarfi, ta rani ba ɗaya take da ta damina ba, wani lokaci ma akan gauraya ta da wata saiwar dabam. Ya ja kunnena ƙwarai kada wani ya ji an ambaci tumfafiya ya je ya haɗa da kansa, gama ruwan tumfafiya dafi ne.

Babbar magana kuwa ita ce, ko da saiwar ta miƙe ƙwayoyin yau, gobe ɓargo zai sāke ƙera waɗansu masu halin lauje, domin umarnin ƙera su a cikin gādo yake. Kowane mutum yana karɓar rabo ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda ya sami lafiyayyu biyu shi ne AA. Wanda ya sami ɗaya lafiyayye ɗaya na sikila shi ne AS, lafiyarsa ƙalau, sau da yawa bai ma san yana ɗauke da shi ba. Wanda ya karɓi na sikila daga wajen uba da uwa duka shi ne SS, shi ne mai ciwon. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Nakan nuna wa yara da tsakuwa huɗu a cikin hula, uku farare ɗaya baƙa. Kowa ya zara sai ya mayar kafin na biye ya zara. Don haka gida ɗaya yana iya samun SS uku a jere, wani gidan kuwa ko ɗaya.

Wannan ya taɓa ni, domin na san abin da ƙanwata ta sha. Surukarta ta taɓa ce mata, "Jinin gidanku ne, mu ba mu da wannan a zuriyarmu." Ga shi kuwa ba yadda za a yi yaro ya zama SS sai da rabon uba. Ba laifin uwa ba ne, ba laifin uba ba ne, ba kuma sammu ba ne.

Ciwon ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A shekarun 1970 an yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. An tarar kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, jarirai wajen biyu cikin ɗari kuma SS ne, amma da wuya a sami SS a cikin manya, domin kusan dukansu sun rasu tun suna ƙanana. Waɗansu masana suna ganin da yawa daga cikin yaran da muke kira 'yan wabi, Yarabawa kuma suke kira abiku, wannan ciwo ne ya ɗauke su ba a sani ba. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila kowace shekara a Nijeriya. Dalilin yawansa a ƙasashenmu kuwa, tun 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, don haka irin ya yaɗu inda sauro ya yi yawa.

Amma zamanin binciken Garki ya wuce. Yau masu sikila suna girma, suna karatu, suna aure, in an kula da su. Abokina ya lissafa mini abubuwan a kan takardar kantinsa, na kuwa adana ta. Gidan sauro kowane dare da maganin rigakafin zazzaɓi. Allurar rigakafi duka a kan lokaci. Penisilin kullum ga ƙananan yara har su kai shekara biyar, in likita ya rubuta. Ƙwayar folik asid. Ruwan sha da yawa, da rigar sanyi da hunturu, ban da wanka da ruwan sanyi. In jiki ya yi zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko ciki ya kumbura, ko yaro ya yi fari fat, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya jiƙa saiwa. Jaririn da hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura wajen wata shida, a kai shi a auna jininsa. Akwai kuma magani mai suna haidiroksiyuriya, wanda aka amince da shi domin sikila a Amurka a 1998. Yana rage yawan tashin ciwon, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma sun yi aiki da shi wajen kāre yara daga shanyewar ɓarin jiki. Abin da ke raba mutum da ciwon ɗungum shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, sai kuma sabon aikin gyaran ƙwayoyin gādo da aka amince da shi a Ingila da Amurka a 2023. Dukansu biyu kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Kafin in baro Ife na koma wurin Mama na sayi ƙulli ɗaya. A hanyar dawowa, tun daga Akure har Lokoja, ina ta tunanin abin da zan faɗa wa ƙanwata. Ta aike ni in kawo waraka, ga shi ina komowa da asuwaki da takarda.

Na same ta tana tankaɗe. Yaron ya rugo yana cewa, "Kawu, ka kawo?" Na ba shi tsarabar ayaba, na aike shi wasa, sa'an nan na zauna na faɗa mata duka, ban rage kome ba. Ta sansana saiwar, ta ce, "Yaya, fasa-ƙwari fa?" Ta yi dariya kaɗan, sai kuma hawaye. Da ranar ganin likita ta zo, ta tafi da saiwar ta nuna masa. Bai yi mata faɗa ba, ya ce ya ji daɗi da ta tambaya, gama iyaye da yawa sukan ba da jiƙo a ɓoye su daina maganin asibiti. Ya ce kada ta ba yaron, ya kuma sa a auna shi domin a ga ko ya dace a fara masa haidiroksiyuriya. Kuɗin adashin nan ya tafi wajen sabon gidan sauro, da rigar sanyi, da kuɗin mota zuwa asibiti, da auna jinin ƙannensa biyu. Ɗaya AA ce, ɗaya AS.

Ban raina fasa-ƙwari ba. Kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka ga amfani a jikinsa, masanan Ife kuma sun kyauta da suka ɗauki asuwakin kasuwa da muhimmanci har suka kai shi ɗakin gwaji. Mai yiwuwa wata rana jikokinmu su sha magani mai ma'auni da aka fitar daga gare shi, in ba mu tone shi duka mun ƙarar ba. Amma duk wanda ya ce muku yana da saiwar da ke mai da SS ya zama AA, ku riƙe kuɗinku.

Roƙona ga iyaye shi ne, ku auna jinin 'ya'yanku tun suna makaranta, ku faɗa musu sakamakon, ku bayyana musu ma'anarsa. Majami'u da yawa yanzu suna neman takardar gwajin jini kafin a ɗaura aure, wannan kuwa daidai ne. Sai dai sau da yawa takardar tana zuwa bayan an kai kaya, an sa rana, zukata sun riga sun ɗauru, sa'an nan rabuwa ta zama kamar fiɗa. Saurayi da budurwa da suka san jininsu tun kafin a fara zance sun fi samun sarari su yi shawara da hankali. Waɗanda kuma Allah ya riga ya ba su ɗa mai sikila, kada su ɓoye shi, kada su fid da rai. Ran 19 ga Yuni kowace shekara ita ce ranar tunawa da masu sikila a duniya, ana iya roƙon ma'aikacin lafiya ya zo ya yi wa zumuntar mata da ta matasa bayani a wannan mako.

Yaron yana aji huɗu yanzu. Hunturun bana ya kwanta sau ɗaya, kwana biyu. Saiwar kuwa tana nan a kan tagata, nakan ɓalli kaɗan in goge baki da safe kafin in tafi makaranta.